Yadda na sa yarona a matarnel a Garwa, da kiriyon kalar da muka soke daga lis

Salamu alaikum iyaye 'yan uwana, musamman na nan Garwa ta Kamaru da kewaye. Tun da aka fara maganar komawa lekwal, wato makarantar boko, mata uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, wai yaya na yi na sa yarona a matarnel, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, alhali lokacin ba shi da akt, wato takardar haihuwa, kuma wai da gaske ne dole sai an sayi duk kayan nan da suke rubutawa a lis, su kiriyon kala, wato fensir mai launi, da gam da almakashi da farar takarda. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun daga farko yadda abin ya kaya min, don ni na sha yawo a rana ba tare da na samu wanda zai ce min ga inda za ki fara ba.

Yaron nan a damunar 2019 na haife shi, a ɗakin Innata can ƙauyenmu ta hanyar Pitoa, a gida, ungozoma ce ta karɓe shi. Aka yi suna, na gama wankan jego na dawo Garwa, babu wanda ya tuna da maganar takardar haihuwa. A dokar lokacin kwana 90 ake da shi a kai maganar haihuwa meri, wato ofishin magajin gari, a rubuta, in ya wuce har zuwa wata 6 sai da takardar porokiro, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, in wata 6 ya wuce kuma to sai kotu. Mu sai da muka bari ya kai shekara 4. Ga shi yaro ne mara magana, in yana son ruwa sai dai ya ja zanina ya nuna randa, kalmominsa ba su da yawa, a gida Hausa yake ji, a waje Fillanci, Faransanci kuwa ko bonjur bai iya ba. Wannan shirun nasa shi ya fi damuna, shi ya sa na nace wa babansu cewa ba zan jira sai ya shekara 6 a jefa shi SIL, ajin farko na firamare, kai tsaye ba.

A watan Yunin 2023, ana dab da rufe lekwal, na je wata matarnel ta gwamnati da ke kusa da unguwarmu. Na tarar da direktiris, wato shugabar makarantar, a ofis, babbar mace ce, ta ji Faransancina na karyewa sai ta juya zuwa Fillanci da Hausa. Ta ce a ta gwamnati shekara 2 ake yi, ɗan shekara 4 ya shiga ajin tsakiya, ɗan 5 babban aji, daga nan firamare, masu ɗaukar ɗan shekara 3 galibi na kuɗi ne. Ta lissafa min abin da zan kawo, kofin akt, karnen rigakafi, ƙananan hotuna, da shamis ɗin kwali da za a zuba dosiye, wato takardun da aka haɗa. Da na ce ba akt sai ta yi shiru kaɗan ta ce, maman yaro, ki fara yau, kada ki bari sai Agusta, in kika kawo min shaidar cewa dosiyenki na kotu zan rubuta shi kafin takardar ta fito. Wallahi wannan maganar ce ta kwantar min da hankali.

Kuskuren farko da na yi, na ɗauki moto na tafi merin da ke kusa da ni a cikin gari, na zauna tun safe har wajen azahar, da layi ya zo kaina aka ce ai merin inda aka haifi yaro ce za ta ba da takardar da ke nuna ba a taɓa rubuta shi a rajista ba. To ku riƙe wannan, inda aka haife shi, ba inda kuke zaune ba. Bayan kwana biyu na goya ƙanwarsa na tafi can, aka duba manyan littattafan 2019 aka ga babu sunansa, aka ce in dawo jibi a karɓi takardar da sa hannu. Daga nan sai asibiti, wajen likita ya ba da takardar kimanta shekaru. Ya sa shi ya buɗe baki ya duba haƙora, aka auna tsayi da nauyi, ya duba karnen rigakafin da Allah ya sa ban yar ba, tun daga BCG har allurar ƙyanda ta wata 9 duk a ciki suke. Tun da ina gaban likita sai na yi amfani da damar na ce dokta, yaron nan ba ya magana sosai, ko kunne ne? Ya haska kunnuwan, ya koma bayansa ya kira sunansa a hankali yaron ya waiwayo, ya ce masa ɗauko min takalminka ya ɗauko. Ya ce yana ji kuma yana fahimta, a sa shi cikin yara, a riƙa yi masa hira, in bayan wata 6 ba canji in dawo da shi. Ina roƙon duk mai yaro irin nawa ta fara da wannan dubawar, zane ba ya maganin kunnen da ba ya ji.

Kotu ita ce ta fi cin lokaci. Ana rubuta takardar roƙo a manna tambur, wato kan sarki, a shekarar ne ma tambur ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500, a haɗa da takardar meri da ta likita da kofin katin ɗan ƙasa na uwa da uba da na shaidu biyu waɗanda suka san haihuwar. A bakin ƙofa wani mutum ya tare ni ya ce in ba shi jaka 30, wato sefa dubu 30, zai fito min da komai cikin sati ɗaya, na kusa yarda saboda gajiya, amma wata dattijuwa da ke zaune kan benci ta ƙyafta min ido ta ce 'yata shiga ciki da kanki. Na shiga ofishin garefiye, wato magatakardan kotu, na ajiye dosiye, na biya abin da aka ce, na karɓi rasit. Abin da ban sani ba shi ne daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba lokacin hutun kotu ne, ana zama amma ba kamar kullum ba, don haka sai a Oktoba aka kira mu. Na taho da Kawuna da wata ƙanwar Innata daga ƙauye, kuɗin motarsu da abincinsu duk a kaina, muka zauna tun ƙarfe 8 har bayan azahar, da aka kira mu kuwa ko minti 10 ba mu yi ba, wace shekara, wane gari, wa ya halarci suna, shikenan. Bayan 'yan makonni na karɓi kofin hukuncin na mayar merin can, a Nuwamba akt ya fito. In na haɗa tambur da kuɗin kotu da na likita da zirga-zirga abin ya haura jaka 25, takardar da in an yi ta cikin kwana 90 ba a wannan wahalar ko kaɗan.

Mu koma baya kaɗan. A ƙarshen Agusta na kai wa direktiris rasit ɗin kotu ta rubuta shi kamar yadda ta yi alkawari, na biya sefa 7,500 na rajista, da kuɗin ƙungiyar iyaye APEE daban, da na rigar lekwal. Mutane da yawa na cewa ai lekwal kyauta ce tun shekarar 2000, to wannan firamaren gwamnati ce, matarnel ana biya. Sai ta miƙo min lis. Ardwaz, wato ɗan allon rubutu, da alli, kaye, wato littafin rubutu, kiriyon kala kwali ɗaya, ƙullun roba mai launi da suke kira pat a modele, gam, almakashi mai dakusasshen baki, farar takarda, sabulu. Da daddare na ba babansu, ya karanta ya ɗauki bik ya soke rabi, ya ce shi karatu ya kai yaro ba wasa ba, in wasan laka ne ga shi nan kyauta a bakin Binuwai. Gaskiya ni ma a raina haka na gani, kuɗin kotu ya riga ya cinye mu, ni ɗinki nake yi a gida kuma lokacin ba na sallah ba ne. Baba, surukina, shi kuma tasa damuwar daban ce, ya ce ya ji a lekwal ana sa yara zana mutum da dabba, shi bai yarda a koya wa jikansa hoton abu mai rai ba. Ban yi masa musu ba, na ce Baba a tambayi Malam. Babansu ya je wajen malamin makarantar allon da yaron ke zuwa da yamma, Malam ya ce maganar hoton mai rai malamai sun yi bayani mai tsawo a kai kuma akwai saɓani, amma wasan ƙananan yara an yi sassauci a cikinsa, ya kawo hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta da take wasa da su. Sannan ya ɗauko allon wani almajiri da ya yi sauka ya nuna masa zayyanar da ke jiki, ja da kore da rawaya, ya ce wannan ma ai hannu ne ya koya. Da wannan Baba ya sauko, ya ce to a fi ba shi ƙarfi wajen itatuwa da gidaje da ado. Amma kayan da aka soke ba a saya ba, da ardwaz da kaye kawai ya tafi.

Ranar Litinin 4 ga Satumba aka buɗe. Ya yi kuka ya riƙe mayafina har sai da madam ɗinsu, wato malamar ajinsu, ta ɓamɓare shi, na dawo gida na kasa taka keken ɗinki. Sati ɗaya, biyu, wata guda, kullum in buɗe jakarsa ba A ba B, ba 1 ba 2, sai dai hannu duk alli, wata rana ya dawo da takarda an manna mata yagaggun takardu. Raina ya ɓaci, na ce ashe gaskiyar babansu ne. A tsakiyar Oktoba na shirya na je in yi ƙorafi. Direktiris ba ta yi min dogon bayani a ofis ba, ta ce zo mu je ajin ki tsaya ta taga kada ya gan ki.

Yara sun haura 60 a ɗakin, madam ɗaya da mai taimaka mata. An raba musu takarda mai zanen mangwaro babba, kowa na cika cikinsa da launi. Na hango nawa a gefe yana jira na kusa da shi ya gama ya ara masa kiriyon, abin ya soke ni a zuciya. Da ya samu sai na ga yadda ya riƙe shi, ya dunƙule shi cikin tafin hannu kamar mai riƙe muciya, duk kafaɗarsa ke motsi, launin na fita waje ta ko'ina, ya danna har bakin kiriyon ya karye. Yarinyar da ke gefensa kuwa da yatsu uku ta riƙe nata, wuyan hannunta kawai ke juyawa. Direktiris ta ce kin gani? Da wannan hannun kike so ya rubuta harafin a? Harafin nan da'ira ne da sanda, yaron da bai iya rufe da'ira ba in kika tilasta masa harafi kuka kawai za ki samu da ƙin lekwal. Ta ce yara galibi wajen shekara 3 suke iya kwaikwayon da'ira, wajen 4 gicciyen layi biyu, murabba'i tsakanin 4 da 5, mai kusurwa uku sai wajen 5 zuwa 6, kowa da saurinsa amma bi da bi abin yake zuwa. Yaga takarda ƙanana, mulmula ƙullu, yanka da almakashi, zura zare a murfin kwalba, duk yatsun nan uku ake ƙarfafawa, babban yatsa da manuni da na tsakiya, kuma ido na koyon bin hannu. Ta nuna min wani faranti cike da rairayi da yara ke jan layi da yatsa a ciki, ta ce wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe makarantar ƙananan yara a Rum a 1907, da yatsa take sa yara su bi siffar harafi kafin a ba su alƙalami. Ta ƙara da cewa ba son ransu suke yi ba, a tsarin karatun da ma'aikatar ilimin tushe MINEDUB ta fitar a 2018 zane da aikin hannu fanni ne guda mai zaman kansa a matarnel. Ni abin da ya fi shiga kaina shi ne da ta tambaye ni sana'ata, na ce ɗinki, ta ce ranar farko da kika je koyo an ba ki shaddar mutane ki yanka? Na ce a'a, takardar siminti na yi ta yankawa wata da watanni. Ta ce to shi ma takardar simintinsa ke nan.

Daga lekwal ɗin kasuwa na wuce, da kuɗin wani ɗinki da na karɓa ranar na sayi kiriyon kala mai 12 da almakashi da gam da ƙullun, duka bai kai jaka 3 ba. Madam ɗinsu ta ja min kunne da abu biyu, kada in kama hannunsa in zana masa, kuma in ya kawo zane kada in ce mene ne wannan ko in ce bai yi kama ba, in ce masa ba ni labarin abin da ka zana. Na farko da ya kawo wani ƙaton kai ne da ido biyu, ƙafafu sun fito daga kan kai tsaye, ba wuya ba ciki. Madam ta ce haka kusan duk yara ke fara zana mutum, ciki da hannuwa daga baya suke zuwa. Na ce ba ni labari, ya ce Baba ne. Kalma biyu, amma shi ya fara.

Wanda ba zan manta ba a Disamba ne, ana sanyin hunturu, yana zaune kan tabarma kusa da kekena. Ya zana mace babba a tsakiya da wani ɗan dunƙule a bayanta, can ƙarshen takardar a lungu kuma wani ɗan ƙaramin mutum shi kaɗai. Na ce ba ni labari. Ya nuna ya ce wannan Umma, wannan bebi, sai ya ɗora yatsa kan na lungun ya ce wannan ni ne, ina jira ki sauke ta. Ban taɓa jin ya haɗa magana mai tsawon haka ba, kuma ban taɓa sanin abin na cin sa ba, tun da aka haifi ƙanwarsa bayana ya zama nata, cinyata ta zama tata, shi kuma ba ya ƙorafi sai na ɗauka ba ruwansa. Na tashi na kwantar da ita na ɗora shi a cinya, na kasa cewa komai. Da na gaya wa direktiris ta ce kada in mayar da kowane zane abin fassara kamar mafarki, wani lokacin yaro ya yi amfani da baƙi don shi kaɗai ya rage a kwali, abin da ya faɗa da bakinsa shi ne abin riƙewa, zanen hanya ce kawai da ke sa bakin ya buɗe. Kuma haka na gani, Faransancinsa ma ta nan ya shigo, sunayen launi ya fara kawowa gida, ruj, jon, ver, sai babba da ƙarami, sama da ƙasa, ciki da waje, ya ƙirga ƙafafun akuyar da ya mulmula ya ga uku ne ya ƙara ɗaya.

A taron APEE na zango na biyu an yi gardama sosai, wasu iyaye maza suka ce a daina kashe kuɗin ƙungiya a fenti da takarda, a sayi benci. Bencin ma ana buƙata, ban musa ba. Na ɗaga hannu duk da ban saba magana cikin maza ba, na ce ba sai an sayi komai a kanti ba. Ni ina da buhun ƙyallaye da nake zubarwa, yumɓu ga shi a bakin kogi, karan dawa da yaranmu ke yin mota da shi tun kaka da kakanni, kwalayen shaguna, murafun kwalba, gam kuma a dama garin rogo a wuta ya yi kauri. Zoɓo, wanda muke kira folere a nan, yana ba da ja, gangamau rawaya, bula shuɗi, gawayi baƙi. Wata Bafillatana ta ce ita za ta zo ta nuna musu adon ƙwarya. Aka yarda, kuma a shirin bikin matasa na 11 ga Fabrairu ajin su yarona da hulunan kwali masu adon ƙyallayen shagona suka fito. Babansu da ya soke lis da bik shi ya riƙa ɗaukar hoto da waya yana tura wa 'yan uwansa a Marwa.

A babban aji ne suka shiga abin da suke kira girafisim sosai, layi a tsaye, a kwance, mai lanƙwasa kamar gada, mai zagaye kamar igiya, daga nan haruffa suka fito da kansu. Yanzu yana SIL, ba zan ce shi ne na ɗaya ba, amma yana zama ya gama shafi ba kuka, rubutunsa na kan layi, kuma Malam ya ce a allo ma hannunsa ya faɗa da wuri wajen riƙe alƙalami. Surutu kuwa sai na ce ya isa.

To ga mai shirin kai nata. Ki duba akt tun yaro na goye, in babu ki fara tun watan Janairu ko Fabrairu don ki kauce wa hutun kotu, ki tambaya a meri ko doka ta canza a kan kwanakin kuma ko akwai zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake kawowa unguwanni da ƙauyuka lokaci-lokaci, yana rage wahala sosai. Ki yi fotokofin kowace takarda kafin ki miƙa, kada ki ba kowa kuɗi a bakin ƙofa ba rasit. In kuɗi ya gaza a lis ki je ki sami madam ki gaya mata gaskiya, za ta faɗa miki wanda ake buƙata yanzu da wanda zai iya jira, amma kada kiriyon kala da ƙullun su zama farkon abin sokewa kamar yadda muka yi, wata ɗaya da rabi yarona ya yi yana jiran aro. In za ki zaɓi matarnel ki leƙa ajin da idonki, ki ga ko akwai aikin yara a bango, kuma ko duk iri ɗaya ne sak kamar hannu ɗaya ya yi, don in haka ne to babba ne ke yi musu. Ki yi hattara da wadda ke alfahari cewa ɗan shekara 3 na cika kaye da rubutu. A gida kuma a kula da ƙananan abubuwa irin duwatsun ado da maɓalli in akwai mai rarrafe, almakashin ɗinki a ɗaga shi sama, a wanke hannu bayan laka.

Ƙanwar tasa a asibiti na haife ta kuma akt ɗinta ya fito tun ba ta yi wata biyu ba. Kwanan nan ta gano gawayi, ta bi bangon tsakar gida da shi. Babansu ya auna wani yanki daga ƙofar madafa zuwa wajen randa ya ja layi ya ce nan nasu ne, ranar Juma'a a wanke su sake. Jiya na ji yayan yana ce mata ba haka ake riƙewa ba, kawo yatsunki uku.